Darasi na Takwas: Haɗin Sauti Mai Tara a Kiɗan Fiyano

Gabatarwa

Ƙasar Zamfara ƙasar makaɗa ce tun kaka da kakanni. A Rawayya ta ƙasar Bunguɗu aka haifi Salihu Jankiɗi, Sarkin Taushin Sarkin Musulmi. Musa Ɗanƙwairo daga ƙasar Bakura ya fito, ya yi suna a Maradun har ya zama Ɗanƙwairon kowa. Sa'idu Faru shi ma ɗan ƙasar Zamfara ne. Kiɗan waɗannan manya na kotso ne da taushi: jagora ya ba da waƙa, 'yan amshi su karɓa, ganga ta riƙe tafiya. Ƙarfinsu yana cikin zance da kari da amo, ba su da buƙatar a danna sauti uku ko huɗu a lokaci guda domin a yi wa murya shimfiɗa.

Yau kuwa al'amarin ya sauya. A Damba da cikin Gusau, da Tsafe da Bunguɗu, waƙar biki da ta siyasa da ta talla, har da waƙoƙin bege da yawa, a situdiyo ake buga su da fiyano. Mawaƙan majami'u ma da shi suke aiki. Wannan salo ya bunƙasa ne a situdiyoyin Kano a shekarun 1990, lokacin da kibod ɗin Yamaha samfurin PSR ya shiga hannun masu yi wa finafinan Hausa kiɗa. Waƙoƙin fim ɗin Sangaya na 1999 suna cikin waɗanda suka kai shi kowane lungu. A Nijar kuma tun 1978 Mamman Sani ya fitar da kaset na kiɗan ogan zalla, wanda gidan rediyon ƙasar ya daɗe yana sakawa tsakanin shirye-shirye.

Mafi yawan masu buga fiyano a wajenmu da kunne suka koya. Suna da kod uku ko huɗu da suke juyawa, in muryar mawaƙi ta yi sama ko ƙasa sai su gyara da maɓallin taransfos, wanda ke ɗaga ko sauke dukkan sautin kibod. Wannan ya isa a ci abinci, amma shi ya sa waƙoƙi da yawa suke kama da juna. Darasin yau zai ƙara muku sauti ɗaya tak a kan abin da kuka riga kuka iya, kuma za ku ga cewa sautin nan ya dace da waƙar Hausa fiye da yadda ake zato.

Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya:

1. gano sauti na tara daga kowane tushe;
2. bambanta C9 da Cmaj9 da Cm9 da Cadd9 da C6/9;
3. raba kod mai tara tsakanin hannun hagu da na dama;
4. sanin inda tara take gyara waƙa da inda take ɓata ta.

Tunatarwa

Cikakken fiyano yana da maɓallai 88, farare 52 da baƙaƙe 36. Kibod ɗin da aka fi samu a situdiyoyinmu mai maɓallai 61 ne, kuma ya wadatar da duk aikin da ke cikin wannan darasi. Ga kalmomin da muka yi aiki da su a darussan baya:

- Rabin taki: tashi daga maɓalli zuwa wanda ke manne da shi, fari ne ko baƙi. Rabin taki biyu shi ne taki ɗaya.
- Zango: tazarar da ke tsakanin C da C na gaba, wato rabin taki 12.
- Tsani: jerin sautuka daga tushe zuwa zango, kamar C D E F G A B C.
- Kod: haɗin sauti uku ko fiye da ake dannawa tare. Sautin da aka gina kod a kansa shi ne tushe.
- Shaf (♯) yana ɗaga sauti da rabin taki, filat (♭) yana sauke shi da rabin taki.

Mun ga cewa ana gina kod ne ta hanyar ɗaukar mataki ɗaya a tsallake ɗaya. C, E, G su ne na 1 da na 3 da na 5, suka ba mu C mejo. In aka sauke E zuwa E♭ sai ya koma C maino. A darasin da ya gabata mun ƙara na 7, muka sami C7 da Cmaj7 da Cm7. Duk wanda kod mai bakwai bai zauna a hannunsa ba, ya koma can tukuna, domin da rarrafe yaro kan tashi.

Ina Tara Take?

Ku sa babban yatsan dama a kan C na tsakiya, ku ƙirga fararen maɓallai zuwa dama: C ɗaya, D biyu, E uku, F huɗu, G biyar, A shida, B bakwai, C takwas, D tara. Ashe sauti na tara D ne, wato na biyu da ya hau zango ɗaya. Daga tushe zuwa gare shi rabin taki 14 ne.

Ba sai kun riƙa ƙirga 14 a kowane lokaci ba. Ku nemi tushe, ku hau taki ɗaya, sannan ku kai sautin zango na sama. Tarar F ita ce G, tarar G ita ce A, tarar A ita ce B. Wurare biyu ne ke kayar da masu koyo, domin babu baƙin maɓalli tsakanin E da F, haka ma tsakanin B da C. Saboda haka tarar E ita ce F♯, ba F ba, tarar B kuwa C♯ ce. A ɗaya ɓangaren, tarar E♭ ita ce F, tarar B♭ ita ce C.

Wani zai tambaya: tunda D ce, me ya hana a kira ta biyu? Dalilin yana cikin tsarin ginin. Lissafin ɗauki ɗaya tsallake ɗaya yana tafiya ne 1, 3, 5, 7, 9, saboda haka idan an ce kod mai tara, ana nufin na 3 yana nan, kuma a mafi yawan lokuta na 7 ma yana nan. In kuwa aka cire na 3 aka sa D a gurbinsa, aka danna C, D, G, to wannan Csus2 ne, ba mejo ba ne ba maino ba, kuma ba ya cikin dangin da muke magana a kansu.

Ire-iren Kod Mai Tara

Manyan guda uku ne, kowanne yana da sauti biyar.

Na farko shi ne C9: C, E, G, B♭, D. C7 ne aka ɗora masa D. Tazarar da ke tsakanin sautukansa a rabin taki ita ce 4, 3, 3, 4. Kod ne marar zama, kullum kamar yana neman inda zai sauka, kuma masaukinsa F ne. Haka G9 yake neman C, D9 yake neman G. Ku lura da kyau: in aka rubuta harafi da 9 kawai, to na bakwai mai filat ake nufi.

Na biyu shi ne Cmaj9: C, E, G, B, D. Tazararsa 4, 3, 4, 3. Yana da sanyi da faɗi, ya dace da buɗe waƙar soyayya ko wurin da murya ta yi shiru ana jiran amshi.

Na uku shi ne Cm9: C, E♭, G, B♭, D. Tazararsa 3, 4, 3, 4. Yana ɗauke da nauyin maino, amma tarar tana rage masa duhu. Waƙar bege da ta ta'aziyya da ta wa'azi suna karɓarsa.

Akwai hanya mai sauƙi ta tuna su ukun. Hagu ya riƙe tushe da na 3, dama ya buga kod mai sauti uku a kan na 5:

- C da E a hagu, G mejo (G B D) a dama: Cmaj9.
- C da E a hagu, G maino (G B♭ D) a dama: C9.
- C da E♭ a hagu, G maino a dama: Cm9.

Bayan waɗannan akwai biyu da ba su da na bakwai ko kaɗan. Cadd9 shi ne C, E, G, D: C mejo ne da kuka saba, an ƙara masa D. Shi ya fi sauƙi, kuma kusan duk inda aka rubuta C za a iya sa shi. Sai C6/9: C, E, G, A, D, wanda za mu dawo kansa domin shi ne ya fi kusa da waƙoƙinmu.

Sannan akwai biyu masu zafi, waɗanda aka taɓa tararsu. C7♭9 shi ne C, E, G, B♭, D♭. An sauke tarar, ta zama rabin taki 13 daga tushe. C7♯9 kuwa C, E, G, B♭, D♯ ne, rabin taki 15. Na farkon, aikinsa shi ne kai waƙa gida a kin maino (ki shi ne tsanin da aka gina waƙa a kansa). Na biyun yana da kaushi, domin E da D♯ suna ja-in-ja a cikinsa, kamar mejo da maino a wuri ɗaya. Shi ne kod ɗin da Jimi Hendrix ya shahara da shi a waƙarsa Purple Haze ta 1967, inda ya buga shi a kan E.

Me Ya Sa Kunne Yake Karɓar Tara?

Idan aka taɓa tsirkiyar gurmi ko ta garaya, ba sauti ɗaya take fitarwa ba. Tana kaɗawa gaba ɗayanta, kuma a lokaci guda rabi-rabinta yana kaɗawa, haka kashi uku, kashi huɗu, har sama. Kowane kashi yana ba da ƙaramin sauti da ke ɓoye cikin babban. Wayar fiyano ma haka take.

Mu ɗauki C mai kauri, wanda ke zango biyu ƙasa da C na tsakiya. Yana kaɗawa kimanin sau 65.4 a daƙiƙa. In aka ninka wannan sau 4 za a sami kusan 262, wato C na tsakiya. Sau 5 ya ba da kusan 327, dab da E. Sau 6 ya ba da 392, wato G. Sau 7 ya ba da kusan 458, ƙasa kaɗan da B♭. Sau 9 kuwa ya ba da kusan 589, alhali D na fiyano yana kan 587. Ku dubi abin da ya fito: C, E, G, B♭, D. Sautukan C9 ke nan, suna nan kwance cikin C ɗaya tun kafin a danna su. Wannan na cikin dalilan da suka sa tara ba ta yi wa kunne baƙunta.

Duk da haka an daɗe kafin a sake mata fuska. Bartolomeo Cristofori ya ƙera fiyano na farko a birnin Fulorans na Italiya wajen shekarar 1700, Jean-Philippe Rameau na Faransa kuma ya wallafa littafinsa kan haɗin sauti a 1722. A wancan zamani ƙa'idar ita ce tara ba ta zama: in ta shigo, dole ta sauka taki ɗaya ƙasa ta huta. Sai a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20 ne irin su Claude Debussy da Maurice Ravel suka riƙa jera kod masu tara ɗaya bayan ɗaya don daɗin amonsu kawai. Baƙaƙen fatar Amurka masu kiɗan jaz da bulus suka mai da ita abincin yau da gobe. James Brown ya gina waƙarsa Papa's Got a Brand New Bag ta 1965 a kan kod mai tara da jita ke sara. Fela Kuti, wanda ya fara karatun kiɗa a Kwalejin Trinity ta Landan a 1958 kuma ya je Amurka a 1969, ya dawo gida da salon tsayawa a kan kod ɗaya ko biyu na tsawon lokaci, ganguna da ƙahonni suna aiki a kai. A irin wannan tafiya, kod mai sauti uku yakan gundiri kunne da wuri, mai bakwai da mai tara su ne ke jurewa.

Yadda Ake Raba Shi a Hannu

Daga C zuwa D na sama ya fi ƙarfin hannun mutane da yawa, saboda haka kada ku tilasta wa hannu ɗaya ɗaukar sauti biyar. Ga ƙa'idoji huɗu.

Ta farko: hagu ya riƙe tushe, dama ya ɗauki saura huɗun. A Cmaj9, hagu C, dama E G B D.

Ta biyu: in wuri ya ƙure, na 5 ake fara zubarwa. C, E, B♭, D har yanzu C9 ne. Na 3 shi ke faɗin mejo ne ko maino, na 7 shi ke faɗin irin kod ɗin, na 9 shi ne abin da muke nema, saboda haka su ukun ba a taɓa su.

Ta uku: in akwai mai buga bes, ko kuma kun riga kun ɗauki layin bes a kwamfuta, kuna iya barin tushen gaba ɗaya. Hagu ya buga E G B D, dama ya sami sarari ya bi mawaƙi.

Ta huɗu: kada a cunkusa sautuka a ɓangaren kauri. Tara da na 3 su zauna kusa da C na tsakiya ko sama da shi. In kuka kai su ƙasa sosai, sai amon ya dagule, a lasifikar biki kuwa ya zama gurnani.

Yanzu ga atisaye na farko, a kin C. Shi ne jerin 2, 5, 1 da muka gani a baya:

- Dm9: hagu D, dama F A C E.
- G9: hagu G, dama F A B D.
- Cmaj9: hagu C, dama E G B D.

Ku kalli hannun dama. Daga Dm9 zuwa G9, F da A ba su motsa ba. C ne ya sauka B, E ya sauka D. Daga G9 zuwa Cmaj9, B da D suka tsaya, F ya sauka E, A ya sauka G. Sauti biyu ne ke motsi kowane karo, kuma zuwa maƙwabci. Sirrin buga kod masu tara da kyau ke nan: hannu ba ya tsalle. Ku fara a hankali, bugu huɗu ga kowane kod, sai ya zauna kafin ku ƙara sauri.

Atisaye na biyu jerin da kuka sani ne daga waƙoƙin zamani, wato Am, F, C, G:

- Am9: hagu A, dama C E G B.
- Fmaj9: hagu F, dama C E G A.
- Cadd9: hagu C, dama C D E G.
- Gadd9: hagu G, dama B D G A.

Ku buga shi sau ɗaya da tsofaffin kod masu sauti uku, sannan ku buga da waɗannan, ku saurari bambancin.

Atisaye na uku na kin maino ne. Ku buga E7♭9, hagu E, dama G♯ B D F, sannan ku sauka a Am. G♯ zai hau A, F zai sauka E, kuma za ku ji yadda waƙa take komawa gida da ƙarfi. Wannan ya dace da ƙarshen baiti, dab da shigowar amshi.

A kin C, kod biyar ne ke karɓar tara da fararen maɓallai kaɗai: Cmaj9, Dm9, Fmaj9, G9 da Am9. Em da B ba sa karɓa, domin farin maɓallin da ke sama da tushensu rabin taki ne kawai, sai ya yi karo da shi. In kun zo kan Em, ku bar shi Em7.

Tara da Waƙar Hausa

Waƙoƙin Hausa da yawa, musamman na gargajiya da na dandali, a kan tsani mai sauti biyar suke tafiya. In aka kwatanta shi a kin C, sautukan su ne C, D, E, G, A. Babu F, babu B. Yanzu ku koma ga C6/9: C, E, G, A, D. Su ne dai sautuka biyar ɗin, an danna su tare. Ma'ana duk inda mawaƙi ya sa murya cikin wannan tsani, yana cikin kod ɗin, ba zai yi karo da shi ba. Ga waƙar da ba ta son yawan sauya kod, irin mai jagora da amshi a kan kari ɗaya, C6/9 shimfiɗa ce da za a iya daɗewa a kanta. Ku gwada shi haka: hagu C da G, dama E A D.

Akwai kuma batun harshe. Hausa tana da karin sauti, na sama da na ƙasa da mai faɗuwa, kuma mawaƙi yakan bi karin kalma in yana rera ta, don kada ma'ana ta juya. Saboda haka ba a tanƙwara murya don ta dace da kod. Kod ne yake bin murya. Daga nan ƙa'idoji uku suka fito.

Idan mawaƙi ya daɗe a kan D alhali kuna kan C, kada ku yi saurin guduwa zuwa G. Shi da kansa ya rera muku tara. Ku riƙe C ko Cmaj7, muryarsa ta cika kod ɗin.

Idan ya sauka a kan C, musamman a ƙarshen baiti, ku guji Cmaj9. B ɗin da ke cikinsa rabin taki ne ƙasa da muryar, zai sa a ji kamar mawaƙin ya kauce, alhali laifin mai fiyano ne. A nan Cadd9 ko C6/9 ake sawa.

Kada sautin da ya fi kowanne tsayi a hannun damanku ya hau kan muryar da taki ɗaya ya zauna. Kunne yakan bi sautin da ke sama, sai a rasa wa za a saurara. In murya tana kan C, ku shigar da D cikin tsakiyar kod, ƙasa da ita.

Game da yawa kuwa, tara kamar daddawa take a miya: kaɗan ta gyara, in ta yi yawa ba a jin ɗanɗanon komai sai ita. Waƙar siyasa ko ta rawar biki mai sauri, wadda kalangu da ganga suka cika ta, ba ta da wurin kod mai sauti biyar. Add9 a nan da can ya isa. Waƙa mai sanyi ita ce ke ba da fili.

Ga Masu Kibod Mai Rakiya

Kibod ɗin PSR yana iya buga ganga da bes da kansa, yana bin kod ɗin da hagu ya danna. In an saita shi a kan Single Finger, mejo da maino da mai bakwai da maino mai bakwai kaɗai yake ganewa, ba za ku sami tara ba. Sai ku mai da shi Fingered, ku danna sautukan da kanku a ɓangaren hagu. Tunda hannu ɗaya ne, ku matso da tarar kusa da tushe, kamar C D E G, ko C D E B♭. Ku kuma kula da rubutun allon: a kibod ɗin Yamaha da yawa C(9) yana nufin Cadd9, C7(9) shi ne C9, CM7(9) kuma Cmaj9. Wata dabarar ita ce hagu ya ba injin kod mai sauƙi, dama ya ƙara tarar.

Kurakuran da Aka Fi Yi

1. Buga Cmaj9 ko Cadd9 a inda aka rubuta C9. B♭ ne ya raba su, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne.
2. Sa F a matsayin tarar Em, ko C a matsayin tarar Bm.
3. Zubar da na 3 maimakon na 5.
4. Taka fedar tsawaita sauti a riƙe ta har kod biyu su cakuɗe. A ɗaga ƙafa duk lokacin da kod ya sauya.
5. Dogaro da taransfos har mutum ya kasa buga komai a wajen kin C.

Auna Fahimta

1. Rabin taki nawa ne daga tushe zuwa tara?
2. Rubuta sautukan F9 da Gmaj9 da Am9 da Dadd9.
3. Mene ne bambancin Cadd9 da Csus2?
4. Wane sauti ake fara zubarwa in hannu bai isa ba, kuma me ya sa?
5. Mawaƙiya ta ƙare baiti a kan F, a kin F. Tsakanin Fmaj9 da F6/9 wanne za ka zaɓa? Kawo dalili.

Jinga

1. Ku mai da atisaye na farko zuwa kin F (Gm9, C9, Fmaj9) da kin G (Am9, D9, Gmaj9), ba tare da taɓa taransfos ba. Ku rubuta sautukan kowane hannu a littafinku.
2. Ku zaɓi waƙar gargajiya ɗaya da kuka haddace, ta biki ko ta noma ko ta dandali. Ku nemo sautukanta a fiyano, ku duba ko biyar ne. In haka ne, ku rera ta a kan kod 6/9 na tushenta, ku ɗauka a waya ku kawo aji.
3. Ku ɗauki waƙar da kuka saba bugawa, ku sa tara a wuri biyu kacal, ku zo ku bayyana wa 'yan aji dalilin zaɓen wuraren.

Kammalawa

Mun ga cewa tara ita ce sauti na biyu da ya hau zango, rabin taki 14 daga tushe. Mun bambanta manyan ire-irenta uku da biyun da ba su da na bakwai da biyun da aka taɓa tararsu. Mun koyi raba ta tsakanin hannu biyu ba tare da tsalle ba, mun kuma ga yadda 6/9 ya ƙunshi tsani mai sauti biyar da waƙoƙinmu da yawa ke bi. A darasi na gaba za mu hau zuwa na 11 da na 13, kuma a kan wannan za a gina su. Saboda haka ku ware ko da minti 20 ne kullum ku yi atisayen nan uku a ki daban-daban. Wanda ba shi da kibod a gida ya haɗa kai da ɗan ajinsu mai shi, su riƙa yi tare, ɗaya yana rerawa ɗaya yana bugawa.